Aiki Ga Shi, Gurbi Babu: Nazari Kan Makomar Masu Digirin Ilimin Halittu Da Muhalli A Arewacin Nijeriya

Duk wanda ya bi ta dausayin Haɗeja da Nguru a shekarun nan ya ga yadda ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu yi wa hatsi ɓarna. An san asalin matsalar. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ruwan da a da yake zuwa da ƙarfi da damina ya janye da rani sai ya koma kwarara kaɗan-kaɗan duk shekara, kuma irin wannan ruwa mai kwanciya shi kachala take so. Mutumin da zai iya bayyana wannan sarƙa, ya auna ta, ya nuna inda za a tsinke ta, shi ne wanda ya karanci alaƙar halittu da muhallinsu, fannin da 'yan jami'a suke kira ikoloji. Jami'o'inmu suna yaye irin waɗannan ɗalibai kowace shekara. Amma in ka neme su a bakin ruwan da wuya ka gan su. Ka fi samun su a rumfar POS, ko a ajin makarantar kuɗi suna koyar da bayoloji kan albashin da bai wuce kuɗin mota ba, ko a gida suna jiran a buɗe shafin ɗaukar ma'aikatan kwastan.

Abin da wannan nazari yake son nunawa shi ne cewa yawan matsalar muhalli ba shi yake haifar da gurbin aiki ba. Gurbi yana samuwa ne a inda wani ya ga dole ya biya kuɗi don a warware masa matsalar, ko dai doka ta tilasta shi, ko mai ba shi bashi ya gindaya masa sharaɗi, ko kuma asara ta taɓa aljihunsa. Saboda haka tambayar da ta fi amfani ga wanda ya gama karatu ita ce: wane ne yake biya, kuma me yake saye? Yawancin ɗalibanmu ba a taɓa yi musu wannan tambaya ba a tsawon shekara huɗu ko biyar da suka yi a jami'a.

Su wane ne ake magana a kansu

Kaɗan ne daga cikinsu suke riƙe da kwalin da aka rubuta ikoloji a kansa. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi tana cikin 'yan tsirarun da suka ware wa fannin digiri na kansa. Sauran suna fitowa ne daga sassan nazarin tsirrai, nazarin dabbobi, gandun daji da namun dawa, kula da muhalli, ko labarin ƙasa. Da yawansu ma ba su nemi fannin ba tun farko. Likitanci ko haɗa magunguna suka cike, maki bai kai ba, aka tura su inda akwai sarari. Wannan yana da tasiri fiye da yadda ake zato, domin wanda ya shiga fanni da zuciyar wucin gadi ba ya ɓata lokacinsa wajen koyon abin da ba zai fito a jarrabawa ba, alhali kasuwa abin da ba ya fitowa a jarrabawa take nema.

Alƙaluman hukuma ba sa taimakawa sosai wajen gane halin da suke ciki. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100 a ƙarshen 2020. Da ta sauya ma'auni a 2023, ta ɗauki duk wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako a matsayin mai aiki, sai adadin ya faɗo zuwa kashi 4.1. Bisa wannan lissafi, mai digirin nazarin tsirrai da yake sayar da katin waya yana da aiki. Gaskiya ne yana da abin yi, amma ilimin da aka kashe wa kuɗi ya kwanta, kuma wannan asara babu ma'aunin da yake kama ta.

Hanyar da iyaye suka sani

Aikin gwamnati shi ne abin da iyaye suke nufi in sun ce yaro ya sami aiki. Yana da kyau a tuna yadda ma'aikatun muhalli suka samu a ƙasar nan. A 1988 aka gano an jibge shara mai guba daga Italiya a garin Koko, wanda yanzu yake jihar Delta. Abin kunyar da ya biyo baya shi ya sa gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a wannan shekara, ta kuma fitar da dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli a 1992. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta zo a 1999, hukumar NESREA mai tabbatar da bin ƙa'idoji a 2007, hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa a 2015, sannan dokar sauyin yanayi a 2021. Ga kuma tsofaffin cibiyoyi irin su Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Ibadan da tasharta ta Kano, Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta New Bussa, da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri. A takarda dai wuraren suna da yawa.

Sai dai hukuma tana ɗaukar ma'aikata da yawa ne sau ɗaya, lokacin da aka kafa ta, daga nan sai ɗaiɗai, in wani ya yi ritaya ko ya rasu. Jami'o'i kuwa sun haura 250 a ƙasar, kuma ba sa hutun yaye ɗalibai. Ɗan gurbin da ya samu kuma kowa ya san yadda ake rabonsa: mai uwa a gindin murhu, sai mai kuɗin sayen ofa. Ko Asusun Kula da Muhalli da aka kafa tun 1981, mafi yawan abin da ake kashewa daga cikinsa yana tafiya ne ga kwangilar magudanan ruwa da toshe zaizayar ƙasa, aikin injiniyoyi da 'yan kwangila. A jihohi, sassan gandun daji da a da suke da malaman daji a kowace gunduma sun tsufa, ba a maye gurbin waɗanda suka tafi ba. Ba na cewa kada a nema. A nema, amma kada a mayar da jiran sa sana'a.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware a nan. Mutane da yawa suna ɗauka duk wanda ya karanci muhalli zai iya zama duba-gari. Aikin duba-gari yana da majalisarsa da lasisinsa, kuma sai wanda ya karanci lafiyar muhalli ake yi wa rajista. Mai digirin ikoloji da yake son wannan layi sai ya koma ya ƙaro karatun da majalisar ta amince da shi.

Inda doka take tilasta a biya

A ganina nan ne kasuwar da ta fi tabbata, kuma ita ce ɗaliban Arewa suka fi jahilta. Dokar 1992 ta wajabta cewa kafin a fara babban aiki, kamar madatsar ruwa, babbar hanya, layin dogo, bututun gas, masana'anta, haƙar ma'adinai ko babbar gona, sai an yi rahoton tantance tasirinsa ga muhalli, wanda ma'aikata suke kira EIA. Kamfanonin ƙwararru da Ma'aikatar Muhalli ta yi wa rajista su suke yin rahoton. Suna tura tawaga ta ɗebo samfurin ƙasa da ruwa, ta auna iska da ƙara, ta lissafa itatuwa da ciyayi da tsuntsaye da dabbobin wurin, galibi sau biyu, da damina da rani, ta kuma zauna da mutanen da aikin zai shafa. Daga nan a baje rahoton ga jama'a na kwana 21 na aiki, kwamiti ya duba shi. Bayan an fara aikin ma akwai binciken bin ƙa'ida da ake maimaitawa lokaci-lokaci. Kowane mataki a nan aiki ne da ake biya.

Saboda harkar mai ce ta raya wannan sana'a, yawancin kamfanonin suna Legas da Fatakwal da Abuja. Amma ayyukan sun fara hawowa Arewa: bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, layin dogon Kano zuwa Maraɗi, gonakin rake da shinkafa, tashoshin hasken rana, da haƙar ma'adinai a Nasarawa da Zamfara da Neja. Tawagar da ta taso daga Fatakwal ta san itatuwan bakin teku, amma ba lallai ta bambance marke da taramniya ba, balle ta zauna a zauren dagaci ta gane abin da ake nufi in an ce wannan fili burtali ne, ko wancan kurmi ba a sare shi. Wanda ya san sunan tsiro da Hausa da Latin, ya iya Fulatanci ko Barbarci ko da na gaisuwa ne, ya kuma iya rubuta abin da ya gani cikin Turanci mai tsabta, yana da abin sayarwa da ba a samu a ko'ina.

Dole a faɗi aibin sana'ar. Sirri ne da kowa ya sani cewa akwai rahotannin da ake kwafowa daga na wani aiki a sauya suna, har ka ga an lissafa itacen da ba ya tsirowa sai a kurmin Kudu a cikin rahoton wani fili na Sahel. Inda aka yarda da haka, ba a bukatar masani, mai buga takarda ya isa. Abin da yake rage wannan shi ne kuɗin waje. Aikin da Bankin Duniya ko Bankin Raya Afirka ko reshen Bankin Duniya mai ba kamfanoni bashi ya sa wa kuɗi yana zuwa da nasa sharuɗɗan, ciki har da na kare nau'o'in halittu da na biyan diyya ga waɗanda aka tasa, kuma suna turo masu dubawa. Takardun waɗannan sharuɗɗa suna intanet kyauta. Ɗalibin da ya zauna ya karance su da kyau ya riga ya wuce yawancin abokan karatunsa, domin ba a koyar da su a aji. Aikin farko da zai samu na ɗan rakiya ne, mai riƙe kwalaben samfur, na mako biyu ko uku. Daga nan ake farawa, kuma wanda ya raina shi ba ya ganin na biyu.

Manyan shirye-shirye da ƙungiyoyi

A watan Disamba na 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya na ƙasar da ta lalace. Babbar Ganuwar Itatuwa, wadda Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, tana aiki a jihohi 11, daga Kebbi da Sakkwato har Borno da Adamawa. Jin waɗannan alƙaluma yakan sa matashi ya ɗauka an buɗe ƙofa. Abin lura shi ne ofisoshin irin waɗannan shirye-shirye a jihohi galibi ma'aikatan gwamnati ake aro musu daga ma'aikatu. Sabon shiga yana samun hanya ne ta gefe: wajen kamfanin da aka ba aikin tsara taswirar yankin ruwa, wajen ƙungiyar da aka ba aikin wayar da kai, wajen mai kwangilar samar da dashe, ko cikin masu tattara bayanai gida-gida. Ayyuka ne na kwantiragi, wata uku, wata shida, shekara guda. Kuma kuɗin tallafi ba shi da amana. Rushe hukumar USAID da gwamnatin Amurka ta yi a 2025 ya raba mutane da yawa da aikinsu cikin 'yan makonni, har da waɗanda suka shekara goma suna ganin sun kafu.

A wannan layi mata suna da wata dama da ba a cika ambata ba. Yawancin binciken da ya shafi itacen girki, murhu, ruwan sha, tsintar 'ya'yan kaɗanya ko ganyen kuka, mata ake tambaya, a gidajen da aka rubuta ba shiga. Tawagar maza tana tsayawa ne a zaure ta ji ta bakin maigida, wanda bai san yawan itacen da ake ƙonawa a mako ba. Mace mai digiri, mai jin harshen gari, tana shiga har madafa. Masu shirya bincike na gaske sun san haka, kuma suna neman irinta.

Dazuzzuka da namun dawa

Wannan shi ne aikin da ɗalibi yake mafarki in yana son fannin da gaske, kuma shi ne mafi ƙanƙantar kasuwa. Gandayen daji na ƙasa guda bakwai ne aka daɗe da su, a 2020 aka amince da ƙarin goma, ciki har da Falgore a Kano, Kogo a Katsina da dausayin Haɗeja a Jigawa. Amma rashin tsaro ya hana aiki a wurare da dama. Kamuku na cikin yankin Birnin Gwari, sassan gandun Kainji sun zama maɓoyar 'yan bindiga, Sambisa kuwa mutane sun manta ma cewa asalinsa gandun namun dawa ne. Inda abin yake tafiya shi ne inda gwamnati ta haɗa hannu da wata ƙungiya: Yankari, inda ƙungiyar WCS take tallafa wa gwamnatin Bauchi wajen sintiri da kare giwaye, da Gashaka Gumti, mafi girman gandun daji na ƙasa, inda gidauniyar ANI ta shiga yarjejeniya da hukumar gandaye a 2017. Guraben masu digiri a irin waɗannan wurare ana ƙirga su da yatsu, kuma ana ba wanda aka riga aka gani a daji ne.

Hanyar da aka fi bi a shiga wannan da'ira ta bi ta Jos. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke dajin Amurum, kusa da Laminga, tana ba da digiri na biyu a fannin kare halittu tare da Jami'ar Jos, kuma ɗalibanta sun bazu a jami'o'i da ƙungiyoyi a Afirka ta Yamma. Ɗalibai kaɗan take ɗauka a shekara. Akwai kuma tashar bincike ta Ngel Nyaki a tsaunin Mambila, da Gidauniyar Kare Halittu ta Nijeriya da aka kafa a 1980. Wanda bai sami shiga ko ɗaya ba yana iya farawa da aikin sa kai na taswirar tsuntsayen Nijeriya, inda masu sha'awa suke fita da madubin hangen nesa da waya su rubuta abin da suka gani. Ba a biya, amma nan ake koyon gane tsuntsu da kukansa, nan kuma manya suke ganin wanda yake da naci. Ƙananan tallafin bincike, irin na gidauniyar Rufford ta Ingila, ana ba mutum ɗaya ne bisa tsarin aikin da ya rubuta. Ɓacewar ungulu daga mahautanmu kaɗai, tsuntsun da tun 2015 aka sa cikin jerin masu dab da ƙarewa, ta isa a gina bincike mai kyau a kanta a kowace jiha.

Karantarwa a jami'a ba ta bukatar dogon bayani. Galibi sai da digiri na biyu ake shiga, sai da na uku ake ci gaba, albashi ya zaizaye, yajin aikin 2022 kuma ya ci wata takwas. Mai son bincike ya duba Cibiyar Nazarin Noman Ƙasa Mai Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da tashoshin binciken noma na IITA da ICRISAT da ke Kano. Mai son koyarwa a sakandare kuma ya yi difilomar ilimi ya yi rajista da majalisar malamai, kada ya tsaya a matsayin malamin aro.

Manomi ma yana biya

A nan nake ganin an fi yin sakaci. An koya wa ɗalibi cewa ikoloji na daji ne da dabbobi, alhali mafi yawan ƙasar Arewa gona ce da makiyaya, kuma manomi yana fuskantar tambayoyin fannin kowace damina. A 2016 ƙwaron tumatir da manoma suka laƙaba wa suna Sharon ya share gonaki a Kano da Kaduna da Katsina, a shekarar kuma tsutsar masara mai cin kunne ta bayyana a ƙasar. Abin da manomi ya sani shi ne ya ƙara feshi, mai shagon magani kuma ya ƙara masa kwalba. Wanda ya fahimci rayuwar ƙwaro, lokacin da yake ƙwai, abin da yake cin sa, da dalilin da ya sa magani yake daina kama shi, yana da shawarar da take da daraja ta kuɗi, ko ya yi aiki da kamfanin iri da taki, ko da babbar gona, ko ya buɗe shagonsa ya zama mai sayarwa da sani.

Darasi mafi girma yana ƙetaren iyaka kaɗan. A yankin Maraɗi, tun daga 1983, Tony Rinaudo ɗan Ostareliya da manoman yankin suka lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa, in aka bar 'yan rassa masu ƙarfi aka aske sauran sai su koma itace. Manoma suka kira abin sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, galibi gawo da kalgo da sabara da dangoginsu, ba tare da gandun reno ko motar ban ruwa ba. Idan aka kwatanta da bukukuwan dashen itace da muke yi duk shekara, a dasa da damina, awaki su cinye da rani, za a ga bambancin sanin muhalli da sayen dashe. Mai digirin da ya iya wannan fasaha, ya iya koyar da ita, ya kuma iya ƙirga itatuwan da suka rayu bayan shekara uku, shi ne mutumin da shirye-shiryen farfaɗo da ƙasa suke rasawa.

Renon dashe, kiwon zuma, kiwon kifi, takin gargajiya daga sharar kasuwa, gawayin da ake curawa daga buntun shinkafa ko busasshiyar kachala, duk sana'o'i ne da ilimin yake ƙara wa albarka. Sai dai a yi hattara da masu wa'azin dogaro da kai daga cikin ofis mai sanyi. Gandun reno yana bukatar fili da rijiya da shinge, kuma babban mai sayen dashen daji gwamnati ce, wadda takan biya a makare. Wanda zai shiga ya fara da abin da talaka yake saye da kuɗinsa, mangwaro mai aure, gwaiba, dabino, zogale, kafin ya waiwayi darbejiya da dakwara. Haka kasuwar sayar da ragin hayaƙi da ake ta yayatawa: akwai aiki a cikinta na aunawa da tantancewa, amma akwai dillalai da yawa masu alƙawarin dala.

Abin da ya ratsa duka

Idan aka duba waɗannan hanyoyi za a ga abu uku suna maimaituwa, kuma babu wanda kwali yake tabbatarwa. Na farko gane halitta a fili. Abin takaici ne a ga wanda ya haddace rabe-raben tsirrai da Latin amma in an kai shi bayan gari bai san aduwa da magarya ba, alhali makiyayin da bai shiga aji ba zai lissafa masa ciyawa talatin da wadda saniya take so da wadda take kashe ta. Zama da irin wannan makiyayi, da masunci, da mai maganin gargajiya, karatu ne na gaske, ba ya kuma cin ko sisi.

Na biyu sarrafa bayanai da taswira. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat sun zama kyauta tun 2008, na Sentinel ma haka, manhajojin QGIS da R ba a sayen su. Da kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu da ɗan data, mutum yana iya nuna yadda wani gandun daji na jiharsa ya ragu cikin shekara ashirin, ko unguwannin da ruwa zai ci in kogi ya cika. Bayan ambaliyar 2022 da ta kashe mutum fiye da 600, da ɓallewar madatsar Alau da ta nutsar da sassan Maiduguri a Satumbar 2024, ba a bukatar a yi wa kowa bayanin amfanin irin wannan taswira. Wannan fasaha ce kuma take fitar da mutum daga fannin gaba ɗaya in ya so, zuwa aikin rigakafin cututtuka, sa ido kan ayyukan agaji, ko binciken kasuwa. Wasu suna ganin haka kamar gudu ne daga fanni. Ni ban ga laifinsa ba. Gubar dalma da ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 matsala ce ta likita da ta ƙasa a lokaci guda, kuma sai da aka auna ƙasar gidaje aka kankare ta kafin magani ya yi amfani.

Na uku rubutu. Rahoto shi ne hajar da ake sayarwa a kusan duk waɗannan ayyuka, kuma nan ne aka fi kasawa. Mai neman aiki da zai ajiye rahoto mai shafi goma da ya rubuta da kansa a kan ruwan Jakara ko majemun Challawa, da taswirarsa da alƙalumansa, ya fi mai tarin takardun halartar bita. A ƙara da Faransanci ga mai hali. Hukumar Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1964, tana Injamena, cibiyar AGRHYMET da Hukumar Kogin Kwara suna Yamai, kuma matsalolin da suke aiki a kansu irin namu ne sak. Bahaushen da ya iya Turanci da Faransanci yana iya aiki daga Dosso har Marwa.

Rabon laifin jami'a a nan ba ƙarami ba ne. Fita daji don nazari ta zama rangadin kwana ɗaya da ɗalibai suke haɗa kuɗin mota, kundin kammala digiri ya zama abin da ake saye a shagon buga takardu, watannin koyon aiki a ma'aikata kuma sa hannu ne a littafi. Tun farkon shekarun 1990 binciken Edward Barbier da abokansa ya nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a dausayin Haɗeja da Nguru yana samar da arziki fiye da adadinsa da aka karkatar zuwa noman rani na Kogin Kano. Bincike ne da aka yi a ƙofar gidanmu, masana na ƙasashen waje suna kafa hujja da shi, amma da wuya ka sami ɗalibin aji huɗu a jihohin da abin ya shafa da ya taɓa jin labarinsa. Sashen da ke Dutse ko Gashuwa ko Kano da zai ɗauki dausayin nan a matsayin ɗakin gwajinsa, kowane rukuni na ɗalibai ya auna wurare guda a kowace shekara, cikin shekara goma zai tara bayanan da babu kamfanin da zai yi rahoto a yankin bai nemi ɗalibansa ba.

Kafin jami'o'i su farka, kai da kake aji uku ko kake shirin tafiya bautar ƙasa, kada ka bari a tura ka inda za ka yi shekara kana sa hannu a rajista. Ka nemi ma'aikatar gandun daji, ko tashar bincike, ko kamfanin da yake fita fili, ko da ba za su ƙara maka komai a kan alawus ba, ka kuma fito daga shekarar da rahoto guda da ka rubuta da hannunka a kan wani fili da ka taka da ƙafarka.